Gurbin Da Na Bari A Waƙar Loto

Kasuwar Aziziya, Riyad.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kana tsaye a bisa ƙasa da ƙafafunka. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah Ya tsare mini ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na san za ka yi dariya, mutum da waya a aljihu ya zauna yana rubutu kamar ɗan firamare. Yi dariyarka. Na sha danna wayar in yi maka saƙon murya, amma in na saurara kafin in tura, sai in ji wani abu a bayan maganata da ba na so ya shiga kunnenka, sai in goge. Shi ya sa na sayi takarda. Ina rubutun ne a cikin motar da nake tuƙawa, a inuwar rumfar tumatir, da rana tsaka, lokacin da kowa ya gudu neman sanyi. Alhaji Mamman na ɗakinmu zai zo gida hutu, shi zai kawo maka.

Mahaifiyarka ta ce bayan Sallah za ka bar Rafin Diga ka tafi Kaduna, wani mai situdiyo zai ɗauki waƙoƙinka. Ban hana ba, na sa albarka. Kafin ma ta faɗa na riga na ji ka. Muna lodin kokwamba wani ɗan dako Bazazzagi ya kunna waya ya ce, "Baba Idi, ka ji yaron nan na Filato, Abba Loto? Wallahi tsigar jiki yake tayarwa." Na ce masa ɗana ne. Ya ce, "Haba dai! Kai da ko a mota ba ka kunna rediyo?" Na yi alfahari da kai, ba zan ɓoye ba, har ƙwalla ta zo mini. Hannunka a gurmi ya fi nawa, muryar kuwa ta kakanka ce sak. Amma da waƙar ta yi nisa na gane wacce ce, sai kwalin da ke hannuna ya suɓuce. Saboda ita nake rubuto maka.

Bari in fara da ƙaramin kuskure, ko na samu bakin faɗin babban. Ina kamar shekarunka na taɓa ɗaukar gurmi na shiga Jos neman suna. Kafin in isa na kankare jar ƙasar da ke farcena har sai da ya yi jini, na ari takalmi, na karya harshe ina magana irin ta 'yan birni. Da aka ba ni fili sai na aje waƙoƙin haƙa, na kama rera ta soyayya da salon wasu. Mutane suka ci gaba da hirarsu kamar ba kowa a gabansu. Wani tsoho mai shayi ne ya tausaya mini, ya ce, "Ɗan nan, daga ina?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ina ka baro mutanen naku?" Na koma gida da takalmin aro yana cizona. Kai ma za a ce ka gyara harshe, a ce diga da shebur ba sa sayuwa. Ka yi wanka, ka sa kaya masu kyau, ba na son ƙazanta, amma abin da ya kawo muryarka har Aziziya shi ne ka yi waƙar inda ka fito, kada ka bari a raba ka da shi.

Yanzu ga babban. Waƙar da kake rerawa, mai jerin sunaye, ba waƙar nishaɗi ba ce. Aiki ce. A zamaninmu loto, wato ramin nan mai zurfi kamar rijiya da ake shiga da igiya a haƙo kuza, kowanne yana da mai kira. Da safe mai kira zai zauna a bakin ramin da gurminsa, ya jero sunayen masu shiga, kowa ya ce "Ga ni" kafin a zura shi. Da la'asar ya sake jero su, wanda ya fito ya amsa. Sai kowa ya amsa sannan mai kira ya yi rufi, wato baitin ƙarshe da ke rufe waƙar, a janye igiya, a kifa kwanon rufi da katako a bakin ramin saboda ruwa da awaki. Ba mai taɓa igiya kafin rufi, ko da shi ne mai ramin. Musulmi da Kirista da mai gargajiya duk mun yarda da wannan, don ƙasan nan duhu ne, rassa gare shi, mutum zai iya yin nisa a ciki ba wanda ya lura.

Kakanka shi ne mai kiran lotonmu. Da ƙura ta cinye masa ƙirji, tari ya hana shi jan murya, sai ya miƙa mini gurmi, shi kuma ya koma shiga rami don gida sai an ci. Ka ga inda matsalar take. Sunansa ya shigo cikin jeri, tsakanin Ɗanjuma da Bitrus, ni kuwa ɗan fari ne, ban taɓa kama sunan mahaifina a bakina ba. Yaya zan zauna a gaban mutane in ƙwala masa kira kamar sa'ana? Sai na yi dabara. In na zo gurbinsa sai in rufe baki in ja guɗar hanci, gurmi ya cike wurin, shi kuma ya yi gyaran murya a madadin "Ga ni". Mutane suka riƙa dariya suna yaba tarbiyyata. Shi da kansa ya taɓa ce mini, "Idi, a bakin rami ba kunya. Kira ni." Na sunkuyar da kai na ce to, washegari na sake jan hancina.

Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo tun azahar, baƙi ƙirin daga wajen tsaunuka. Kowa na sauri a rufe kafin ya sauko. Na jero sunaye da gaggawa. Ɗanjuma ya amsa. Na ja hanci, sai na ji an yi tari a bayana. Ban waiwaya ba. Babana, a cikin masu haƙar kuza wa ne ne ba ya tari? Na kira Bitrus ya amsa, na ƙarasa jerin, na yi rufi. Aka janye igiya, aka kifa kwano, muka watse a guje ruwa na dukanmu. Kowa ya ɗauka tsohon ya riga mu gaba. Sai da tuwonsa ya huce a akushi sannan kakarka ta ce, "Wai ina Malam?"

Kafin mu koma ruwa ya cika loton, gefensa ya rufta. Mun yi kwanaki muna kwasa, ba mu same shi ba, har yau yana can. Daga baya wata mata mai wankin kuza, Ladi, ta ce da take tattara kwanukanta ta ji ana buga ƙarfe a ƙarƙashin rufin: ƙwan-ƙwan, a dakata, ƙwan. Ta ɗauka ruwan sama ne a kan kwano. Wannan bugun kuwa duk ɗan loto ya san shi. Diga ake bugawa a jikin guga, ma'anarsa a jawo ni.

Manyan gari duk sun san wannan, ba wanda ya taɓa goranta mini. Sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma ga abin da nake so ka riƙe. Kunya abu ne mai kyau, da ita na rene ku, ba kuma na so ka je birni ka zama marar ta ido. Sai dai in aiki ya zo wanda ran mutum ke rataye a bakinka, ka buɗe bakin ka faɗi abin da ya kamata, da sunansa, da ƙarfi, ko da kowa zai ce ba ka da ladabi. Kuma kada ka taɓa karɓar tari a matsayin amsa. Ka juya ka ga fuskar mutum.

Tun daga ranar ban sake zama a bakin rami ba. Na rataye gurmi, na koyi tuƙi, na yi aure. Da aka haife ka na ce a raɗa maka sunansa, ka ga kai ma ban taɓa kiranka da shi ba, ni Babana nake cewa, gari kuma Abba. Amma waƙa ba ta barin wanda ta saba da bakinsa. Ina faskare, ina wankin mota, sai in tsinci kaina ina jero sunayen nan ƙasa-ƙasa, kai kuma kana gefe kana wasa da ƙasa. Ban san kana kwashewa ba. Ka kwashe ta yadda ka ji, da gurbin da komai. Kana zuwa tsakanin Ɗanjuma da Bitrus sai ka rufe baki ka ja hanci, daidai yadda nake yi, kana tsammanin ado ne. Rufin kuwa ba ka da shi, don ban sake furta shi ba ko sau ɗaya. Na bar maka waƙa mai rami a tsakiya, ba murfi a ƙarshe.

A ranar nan ta lodin kokwamba, da ka zo gurbin, ni na ji abin da Bazazzagin bai ji ba. A ƙarƙashin guɗar hancinka akwai bugun ƙarfe. Ƙwan-ƙwan, a dakata, ƙwan. Na ce ya mayar baya, ya mayar, yana nan. Na tambaye shi ko ya ji wani abu, ya ce, "Ai nan ne daɗin waƙar, Baba." Mahaifiyarka ta ce a bakin tsohon loton ka zauna aka ɗauke ka, don hoton ya yi kyau.

Za ka ce kunnen tsoho ne da kewar gida. Ni ma da haka zan ce, ba don Sale ba. Wannan shi ne kuskurena na uku, kuma a nan garin na yi shi, da furfurata.

Ɗakinmu yana unguwar Dira, bayan kantunan turare, ba nisa da tsohuwar fadar Masmak. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mukan haɗu mu ci shinkafa a faranti guda, kowa ya tuna garinsu. Wata Juma'ar suka matsa mini, wai sun ji ni mawaƙi ne a da. Na ƙi, suka nace, ni kuma raina ya yi laushi da tunanin gida. Na kifa galan na fara kiɗa, ban ankara ba sai ga kiran loto a bakina. Na san sarai ba a yin sa sai a bakin rami, kakanka ya faɗa mini tun ranar da ya ba ni gurmi. A cikinmu akwai Sale, Bakatsine, lebura a wani gini da ake yi a unguwar Malaz, mutum mai barkwanci, ko jana'iza ya je sai ya sa wani murmushi. Da na zo gurbin na ja hanci, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ga ni!" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Kafin in ce wani abu waya ta yi ƙara, kafilina ne, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, yana cewa, "Yalla ya Idris, akwai kaya." Na tashi na fita na bar waƙar a buɗe.

Cikin makon da ya biyo baya ne aka nemi Sale a wurin aikinsu aka rasa, a lokacin hutun rana, sa'ar da ko kyanwa ba ta taka kwalta. Ginin nasu an haƙa masa rami mai zurfi na ajiyar motoci. A can ƙasa aka gan shi, a tsakiyar ranar, ya durƙusa yana tonon dutse da yatsu, farcensa duk sun ɓalle. Na je asibiti na same shi. Likita ya ce bugun rana ne, na kuma san rana tana yin haka. Da sauran suka fita ya kama hannuna ya ce, "Malam Idi, tsohon nan ya ce tunda na amsa, in zo in riƙe masa igiya." Na ce wane tsoho? Ya ce, "Mai tarin nan. Wanda ba shi da ɗan yatsan tsakiya a hagu." Babana, igiya ce ta cire wa kakanka wannan yatsan tun kafin a haife ni. Ko hotonsa babu a duniya, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa a Riyad ba.

Kamfanin ya mayar da Sale gida. An ce yana nan da ransa, yana ci yana sha, sai dai ya daina barkwanci, kuma ba ya wuce rijiya bai tsaya ya leƙa ba. Iyalinsa sun toshe ta gidansu da siminti, suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa.

Na kai maganar wurin wani ɗalibin ilmi ɗan ƙasarmu da ke ja mana salla. Ya ce, "Baffa, wanda ya mutu ba ya dawowa, ba ya kiran kowa. Wannan ko waswasi ne ko shaiɗan, ka lazimci azkar." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina yi safe da yamma. Ban ce mahaifina ne ba. Shi mutumin kirki ne, ba zai ja bawan Allah cikin rami ba, ina kyautata zaton yana cikin rahama. Amma ko ma mene ne, ni na buɗe masa hanya da bakina, kuma tun ranar Sale nake jin bugun nan. Ba ya zuwa sai da rana tsaka, in kasuwa ta yi tsit. Akwai wani tsohon bokitin ƙarfe a bayan motata da nake wanke taya da shi. Na jefar da shi na sayi na roba. Bugun bai fasa ba.

To, ƙanwarka ta turo mini bidiyon bikin da ka yi wasa a Bukuru. Na ga samari cike da fili, kana zuwa gurbin sai suka ɗaga hannu gaba ɗaya suka ce "Ga ni!" suna shewa. Kai ma ka yi murmushi, ka ji daɗi jama'a sun kama. Ni kuwa a nan na kashe wayar na kifa ta. Mutum ɗaya ya amsa a ɗaki da wasa, na ga abin da ya biyo baya. Kai za ka kai ta Kaduna a buga, ta shiga kowace waya, yara su riƙa amsawa a hanyar makaranta. Ina jin tsoro, Babana. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma kai na fi ji wa, don sunan da ya kamata ya zauna a gurbin nan shi ne naka.

Ga abin da nake roƙonka, kafin ka hau mota. Ka je wurin Baba Bitrus, shi kaɗai ya rage a cikin jerin, shi ne kuma ya janye igiyar a ranar, na san bai manta ba. Ka nuna masa takardar nan. Ku tafi tsohon loton da hantsi, kana da alwala. Ka bar waya a gida, ban yarda a ɗauki komai ba. Kada ka zauna a baki kamar wancan karon, ka ja baya sosai. Ka fara kiran daga farko. In ka wuce Ɗanjuma, ka buɗe baki ka kira kakanka da sunansa, da ƙarfi, yadda na kasa. Kai jika ne, ba kunya tsakaninku. Da yana raye da gatsal za ka riƙa kiransa, shi kuma ya ce ka zo ƙwace masa mata. Abin da ya yi mini nauyi shekara da shekaru, a bakinka wasa ne.

In ka kira, kada ka amsa. Na san sunanka ne, baki zai so ya ce na'am, ka danne shi. Kada ka jira amsa, kada ka leƙa, duk abin da ka ji. Ka kira Bitrus ya ce ga shi, ka ƙarasa jerin, sannan ka yi rufi. Ga shi, haka kakanka ya koya mini, ana sassauta gurmi a faɗa sau ɗaya: "Ƙasa, namu sun fito, rufe bakinki." Daga nan ku yi masa addu'a, kowa da irin tasa, ku juya ku tafi.

Haka kuma za ka rera ta a Kaduna, da sunan da rufin. Mai situdiyon zai ce ka ɓata ta, zai ce shirun nan shi ne abin da mutane ke so. Ka ce masa waƙar gidanku ce, haka take. In ya ƙi, ka rataya gurminka ka fito, kana da wasu waƙoƙin, kana da ƙuruciya, ga murya. Wadda ta riga ta bazu ba yadda za mu yi da ita sai addu'a, amma a duk filin da ka tsaya, ka cike gurbin da kanka kafin wani ya cike shi.

Alhaji Mamman ya ce ba zai karɓi ambulan ba suna, wai Abba sun yi yawa a Rafin Diga. Ɗazu kafin in fara shafin nan na ɗauki biro na rubuta sunanka na yanka a bayansa, cikakke. Za ka ga rubutun ya karkace. Wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga wurina, ko da a takarda ne. Ina rubutawa ana bugun nan a bayan mota. Ina sa harafin ƙarshe ya tsaya. Har yanzu bai dawo ba, ga shi an kusa kiran la'asar. Ban sani ba ko ya tafi ne, ko ya yi shiru ne yana jira ya ji sauran. Don Allah kada ka ɓata lokaci.

Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa muryarka ta zama abin alheri gare ka da masu jin ta. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, da samanka. Ya tsare ka daga abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ya jiƙan wanda ka ci sunansa.

In kun dawo daga loton ka kira ni a waya. Zan kira sunanka da bakina, ka ce mini ga ka.

Mahaifinka,
Idi